Kaki a Bayan Farfela

Ranar Litinin da hantsi na sake ɓata fiffike. Ba sai na buɗe ƙofar injin ba, tun daga ƙarar na sani. Haƙorin injin, wato ƙarfen da ke yin yankan, yakan shiga gindin fiffiken farfelar jirgin ruwa lafiya lau, yana cin tagulla shiru-shiru, amma da ya hauro sama inda ƙarfen ya yi siriri ya lanƙwashe, sai tsuwa ta tashi, irin wadda ake ji har cikin dasashi. Na danna jan maɓalli, na zuge gilashin, na shafa. Ga su nan layi-layi, kamar yashin bakin teku bayan ruwa ya janye.

Daga can ƙarshen rumfar aikinmu yayana ya ɗaga murya. "Tinah! Zabiyar taki ta gama waƙar, ko da sauran amshi?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Zabiya shi ne sunan da suka laƙaba wa injin tun ranar da ya fara wannan kuka, kuma na san daga bakin wa sunan ya fito.

Na ce, "Kang Darkim, ka ji da gabanka." Kang ita ce yaya a wurinmu.

"Ai shi nake jira. Miƙo min shi nan in goge miki kunyar."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk fiffiken da injina ya bari da layi, kan teburin Kang Darkim yake ƙarewa, shi zai ɗauki injin gurza na hannu ya bi shi har ya yi santsi. Ni kuwa saboda in raba shi da injin gurzar nan na bar aikina a birnin Batam na dawo garinmu Tegal, a bakin teku.

Shekara ashirin da biyu Kang Darkim yana gurzar farfela a maƙerar maigidanmu, Pak Haji Tarmudi. A duk gaɓar nan, in mai jirgi ya shafa farfela ya ji ta kamar bayan cokali, yakan ce hannun Darkim ne. To, hannun ne ya ƙare. Injin gurza rawa yake yi a tafin mutum daga safe zuwa la'asar, rawar ta cinye masa jijiyoyi. Da safe yatsunsa fari fat suke tashi. Maɓallin riga sai matarsa ta ɓalle masa. Ya daina zuwa kiɗan gargajiya na gamelan a unguwarmu, shi da ya fi kowa iya saron, jerin ƙarafan nan da ake bugawa da sanda, domin sandar kiɗan faɗuwa take yi daga hannunsa. Likita ya gaya masa a gabana cewa in ya ƙara wani dogon aiki da injin nan, cokali ma sai an riƙe masa. Ya yi dariya ya ce ai da hannu yake cin shinkafa.

Wata takwas na yi ina bin Pak Haji kafin ya yarda ya sayi injin, tsoho ne da wani ya taɓa aiki da shi, amma mai gaɓa biyar: haƙori ya yi sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, teburin kuma ya karkata ya juya. Na rantse masa cewa zai fitar da fiffike a game, ba sai an taɓa shi da gurza ba. Sai ga aiki ya shigo, farfela goma sha biyu na jiragen fito, kowace da fiffike huɗu, sirara fiye da duk wanda muka saba zubawa. A nan Zabiya ta fara waƙa.

Bayan azahar Pak Haji ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya. Mutum ne mai sanyin magana, ya fi mai faɗa ban tsoro.

Ya kira cikakken sunana ya ce, "Wartinah, masu jirgi sun kira ni sau biyu yau."

"Pak Haji, saura kaɗan."

"Haka kika ce ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Ba na ƙi ta taki ba ne. Amma na ba ki zuwa Alhamis ɗin nan bayan azahar. In bai fita ba, inji ya yi ta ɗibar ƙarfe mai kauri, Darkim ya gama sauran da hannu."

"Fiffike arba'in da takwas ne fa! Ka san abin da likita ya ce."

"Na sani. Shi da kansa ya zo ya ce in ba shi."

Na waiwaya. Kang Darkim yana can ya duƙa, tartsatsi na tashi, ya yi kamar bai san ana maganarsa ba. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan fara zagi. Na ce a zuciyata, wallahi ko zan tafi da injin nan a kai, ba zai gurji fiffiken nan ba.

Talata kaf a kan haƙori na ƙare, domin haka aka koya mana: in ka ji kuka, haƙori ne ke rawa. Na cire shi na sa gajere, yadda ba zai yi lilo ba. Na karkata teburin don gefen haƙorin ya riƙa ci, ba tsininsa ba. Na rage gudu, abin ya ƙaru, har gilashin ƙofar ya kama kaɗawa. Na ƙara gudu, kukan ya yi sauƙi, na fara murna, da aka zo saman fiffiken ya dawo da wata murya, siririya. Na duba ƙusoshin da suka riƙe farfelar, na ƙara ɗaure su har kafaɗata ta amsa. Na kwanta a ƙasa na leƙa ƙafafun injin ko ɗaya ba ta zauna daidai ba. Da aka tashi aiki na ƙara wa Kang Darkim fiffike biyu a tebur.

Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da kukan ya tashi yakan kashe injin gurzarsa ya karkata kai, yana taɓa leɓensa na ƙasa. Akwai wani ɗan tsagi a leɓen nan da ya kai shekara bai warke ba. In an tambaye shi sai ya ce barkonon Mak ne, mahaifiyarmu.

Ranar Laraba da rana muka haɗu a rumfar shayi ta bakin titi, ba don mun shirya ba, don dai nan kowa ke cin abinci. Mai rumfar ta kawo mana shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken suya, ta ajiye butar yumɓu ta shayi da ta sauke daga wuta yanzu-yanzu, da ƙananan kofuna da dunƙulen sukari a ciki. Kang Darkim yana ba wani labarin ƙwallo, ya ɗora hannunsa na hagu a jikin butar, ya bar shi a nan. Yana ta zuba, hannu na kan buta. Ni na fara gani. Na fizge hannun na juya shi. Yatsu uku sun yi ja, fatar ta fara tashi.

Na ce, "Ba ka ji ba?"

Ya dubi hannun kamar na wani. "Ba zafi."

"Ba zafi? Buta tana tafasa ka ce ba zafi?" Na miƙe, kujerar ta faɗi. Duk rumfar ta waiwayo. "Da wannan hannun za ka gurji fiffike arba'in da takwas? Kai wane irin mutum ne? Ni ina can ina kashe kaina, kai kana zagayawa wurin Pak Haji kana roƙon a ba ka abin da zai nakasa ka!"

"Zauna, Tinah, kina tara mana mutane."

"Su taru! Su ga babban mai gurza na Tegal da ba ya iya ɓalle rigarsa!"

Da maganar ta fita na so in mayar da ita, amma ta riga ta fita. Fuskarsa ta canza. Ya tsoma yatsun a kofin ruwan wanke hannu. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"In Zabiyar taki ta yi shiru, ni wane ne a rumfar nan? Mai shara? Kin taɓa tambayar kanki wannan?"

Ban taɓa ba. Gaskiya ke nan, wata takwas ina lissafin hannunsa, ban taɓa tuna mutumin da hannun ke jikinsa ba. Kunya ta kama ni, amma ban sauko ba. Na ce, "Ko mai shara ne, gara ka riƙe tsintsiyar da hannunka." Na bar shinkafar na koma.

Da la'asar ina tsaye gaban injin, na rasa abin da ya rage in gwada, sai na ji shi a bayana. An ɗaure masa yatsun da ƙyalle.

Ya ce, "Buɗe."

Na zuge gilashin. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya ƙwanƙwasa haƙorin. Ƙarar ta mutu nan take. Ya ƙwanƙwasa gindin fiffiken, ita ma gajeriya. Sai ya buga samansa, wajen baki. Tagullar ta amsa, doguwar murya mai daɗi, ta daɗe tana yawo a cikin injin. Kafin ta mutu ya kai hannun dama ya matse bakin fiffiken tsakanin babban yatsa da manuni, yadda mai saron ke kama ƙarfen da ya buga kafin ya bugi na gaba. Muryar ta yanke kamar an rufe ƙofa.

Ya ce, "Kwana nawa kina dukan haƙori, bawan Allah bai yi miki komai ba. Ba shi ke kuka ba. Tagulla ce. Kin ɗaure ƙarfen saron a tebur kina kaɗa shi sau dubu a minti, kina mamakin yana waƙa."

Na tsaya ina kallonsa. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun Alhamis ɗin da ta wuce."

"Kang!"

"To, ai ga shi na faɗa."

Da na sami abin jifa a kusa da na jefe shi. Amma kaina ya riga ya tafi wurin aikin. Na ce, "Ba wanda zai sa hannu ya riƙe shi inji na yanka. In na sa ƙarfe na tokare shi ta baya, zai ture lanƙwasar, kauri ya ɓaci."

"Wa ya ce ƙarfe? In ƙarfen saron ya yi tsini da yawa a murya, me muke manna masa a ƙasa?"

Na sani, domin tun ina yarinya nake ganin yana satar shi daga tukunyar mahaifiyarmu. Kaki ne, wanda Mak ke yi wa zane adon batik da shi.

Alhamis da sassafe na je wurin Mak. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, zane a cinya, tukunyar kaki a kan rishonta. Na ce ina son dunƙule biyu, mai tauri, wanda ta haɗa da ƙaro.

Ta ce, "Kin koma zana zane ne bayan duk karatun?"

"Farfela zan shafa wa."

"Farfela." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke da yayanki, ɗaya ya fi ɗaya. Ɗauki. Ki dawo min da tukunyata, kuma kar ta dawo tana warin man inji."

Muka narka shi a bakin rumfa, ma'aikata suka kewaye mu, kowa da abin faɗa. Wani ya ce a kira Mak ta zana wa farfelar furanni. Ni gaggawa nake yi, na ƙi jiran Kang Darkim ya gama ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, na shafe bayan fiffiken gaba ɗaya da kaki, na rufe ƙofa na tayar. Ya fara lafiya. Da aka kai tsakiya, ruwan sanyaya ƙarfe ya shiga ta ƙarƙashi, kakin ya ɓamɓaro gaba ɗaya ya faɗi cikin tire, Zabiya ta ɗaga murya fiye da kullum. Na kashe. Ƙarfe goma ta wuce.

Kang Darkim ya ce, "Kin gama? To yanzu a yi yadda ake yi. Kaki ba ya kama maiƙo. Wanke bayan da toka da lemun tsami, ki gasa shi kaɗan ya yi ɗumi. Kuma ba fenti ake yi ba, wuri ake nema."

Na haɗiye abin da ke bakina na yi yadda ya ce. Muka juyo sabon fiffike. Ya riƙa bin bayansa da sifana, taƙi bayan taƙi, kunnensa kusa da ƙarfen. Inda muryar ta fi tsawo ya ce in sa alli. Wuri uku suka fito, biyu a wajen baki, ɗaya a gefen da ya fi lanƙwasa. Ni na riƙa manna kakin, don shi ba zai ji zafinsa ba in ya ƙona shi. In na manna ya buga, ya ce ƙara, ko ya ce ya yi yawa, rage. A ƙarshe ya buga, tagullar ta ce ƙwas, kamar an bugi katako, da ɗan saura kaɗan a ƙarshe.

Ya ce, "Wannan sauran ba zai mutu ba. Naki ne."

Ya yi gaskiya, wannan nawa ne. Na kara wayata a jikin ƙarfen ya sake bugawa, na ga yawan kaɗawar a rubuce, na zauna na daidaita gudun haƙorin da ita, yadda kowane sara zai sauka lokacin da fiffiken ya dawo wurinsa. Lissafin ya ce in ƙara gudu, ba in rage ba. Na kuma juya tsarin yankan, ya fara daga saman fiffike ya gangaro, don siririn wurin ya gama tun ƙasansa na da kauri yana tallafe da shi. Kafin in gama shigar da wannan an yi kiran azahar. Muka je muka yi salla. Ban san abin da na karanta ba.

Da muka dawo Pak Haji yana tsaye gaban injin, hannu a baya. Ba wanda ya koma bakin aikinsa. Na yi bisimilla na danna.

Haƙorin ya sauka a saman fiffiken, wurin da kullum kukan ke farawa. Na dafe gilashin da tafin hannu ina jiran rawar. Ba ta zo ba. Sai wani shuu mai laushi, da ƙarar ruwa, da ɓarɓashin tagulla yana zuba a tire. Teburin ya karkata, ya juya, haƙorin ya bi lanƙwasar ya dawo, ya sake bi. Minti arba'in ba wanda ya yi tari. A wajen tsakiya wata 'yar tsuwa ta leƙo, Kang Darkim ya ɗaga yatsa ya ce, "Bar ta, wucewa za ta yi." Ta wuce.

Da injin ya tsaya na zuge gilashin, na goge ruwan da tsumma. Fiffiken yana ɗaukar ido, ba layi ko ɗaya. Na auna kauri a wuri tara, duk sun zauna. Amma a maƙerar nan ba ma'auni ke yanke hukunci ba, kowa ya san haka. Pak Haji ya juya ya ce, "Darkim."

Kang Darkim ya matso. Ya ɗora yatsun dama a kan tagullar ya ja su daga sama zuwa ƙasa, yadda na ga yana yi tun ina yarinya. Ya sake ja. Sai ya tsaya, ya dubi mutanen da suka kewaye shi, kamar mai shawara da kansa. Daga nan ya sa kai cikin injin, ya duƙa, ya ɗora leɓensa na ƙasa a kan fiffiken, ya bi shi a hankali tun daga baki har gindi, idonsa a rufe.

A nan na gane tsagin. Shekara guda ke nan yatsunsa ba sa gaya masa komai, da leɓe yake duba aikinsa in ba kowa a kusa, a kan ƙarfen da bai gama hucewa ba, mai kaifin baki. Duk farfelar da masu jirgi suka shafa a bana suka ce hannun Darkim ne, ba hannu ba ne. Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Ya ɗago ya goge bakinsa da bayan hannu. Ya ce, "Ba abin da zan taɓa a nan."

Pak Haji ya gyaɗa kai. Ya dubi dunƙulen kakin nan uku a bayan fiffiken, ya ce, "To sai a manna wa sauran a daidai wuraren nan."

Kang Darkim ya yi tsaki. "Haba, Pak Haji. Zubi biyu ba sa murya ɗaya, ko daga tukunya ɗaya suka fito. Kowane sai an saurare shi. In ka bar wa wannan," ya nuna ni da haɓa, "fenti za ta yi masa."

Na ce, "To wa zai saurara? Ni dai kunnena na lissafi ne."

Kang Darkim ya juya. Ya tafi can ƙarshen rumfar, muna kallonsa, ya zare wayar injin gurzarsa daga bango. Ya so ya naɗe ta, yatsun suka ƙi, ta zame sau biyu. Na taka zan je, ya harare ni, na tsaya. A na uku ya naɗe ta a gwiwar hannu, ya tura injin ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ya dawo ya ɗauki sifanar.

Ya ce, "Juyo na gaba. Kuma ki mayar da tukunyar kan wuta, kakin ya daskare. Saura arba'in da ɗoriya kina tsaye kina kuka."